Minti Huɗun Gindin Tsamiya

Shekara ashirin da wani abu ina taka keke tsakanin Aliero da Jega da buhun albasa a kariya, ba wanda ya taɓa tambayata minti nawa nake yi. Ni ma ban tambayi kaina ba. In na fita bayan asuba na isa kasuwa kafin rana ta yi zafi, to na yi sauri ke nan. Makaranta a aji biyu na sakandare na bar ta, kuma ko lokacin da nake ciki, daga ƙasan takarda ake fara neman sunana.

Wani malamin makaranta ne daga Maiyama ya jawo mini wannan wahala. Yana cikin masu hawan keke ranar Asabar wai don motsa jiki, da hular kwano da matsattsen wando, kekunan nasu ko ɗaurin alayyafo ba su ɗauka. A rumfar mai faci a Jega muka haɗu, ina jiran a liƙe mini taya. Ya ga wayata, tsohuwar da ƙanena ya bar mini, gilashinta duk a tsage.

"Malam, kai da kake kan hanyar nan kullum, kawo in sa maka wani abu mu gani."

"Mi za ku gani? Gumi?"

Ya yi dariya ya karɓi wayar, ya sa mata wata manhaja mai auna gudun keke. Ya ce tauraron ɗan'adam ne ke kallon wayar daga sama, yana ɗiga inda take, ita kuma tana haɗa ɗigon da layi a taswira. Su masu keken Asabar ɗin suka yanki wani ɓangare na hanyar, daga gidan mai na bakin Aliero zuwa babban kwalbatin da ke gaba, suka ce zango ne. Duk wanda ya shiga ya fita, sai a rubuta lokacinsa a jera shi da na sauran.

Ban ɗauki abin da zafi ba sai da mai faci ya karanto mini jerin. Malamin ne na farko, minti goma sha tara. Wani ma'aikacin asibiti na biye. Na uku ni ne, minti ashirin da biyu, da buhu, a kan keken da ya girmi babban ɗana. Na karɓi wayar na duba da idona. Sunana ne, daga sama.

Matsalar kuwa ita ce tsamiya. A tsakiyar zangon nan, bakin titi, akwai tsamiyar ƙofar gidan surukina. Tsoho ne tukuf, da ya fito masallaci yake shimfiɗa tabarma a gindinta yana tufkar igiya. Tun ranar da aka ɗaura mini aure da 'yarsa ban taɓa wuce shi a kan keke ba. Ba a yi. Sai in sauka, in jingine keken da buhunsa a jikin itacen, in tuɓe takalmi, in durƙusa. Shi kuma ba ya gaggawa. Kwana, gajiya, iyali, ƙafar da ke damuna, yadda albasa ta kwana a kasuwa, duk sai ya bi ɗaya bayan ɗaya, hannunsa na kan igiya. Na sa ido a agogon wayar sau uku. Minti huɗu ne, wata rana da ɗoriya.

Ko wanda ya bar makaranta a aji biyu ya iya cire huɗu daga ashirin da biyu.

Na ce wa malamin ai ba adalci. Ya ce zango bai san gaisuwa ba, shiga da fita kawai ya sani, ko sallah ka tsaya yi a ciki ƙirgawa yake. Mai faci ya ce, "Ka roƙi tauraron ya kau da kai in ka zo tsamiya, ai shi ma yana da surukai." Duk rumfar aka kwashe da dariya. Ni ban yi ba.

Wayar ma ba ta da gaskiya kullum. Wata rana ta nuna na ratsa ta cikin masallaci da keke, wata rana ta ajiye ni a gonar mutane ta dawo da ni. Malamin ya ce haka ƙananan wayoyi suke, kuskuren taku goma ko ashirin ba komai ba ne. Duk da haka na yarda da ita. Abin da ke ba ni haushi da kaina ke nan har yau.

Na gwada gajarta gaisuwar. Na durƙusa rabi, na haɗa kwana da gajiya a numfashi ɗaya. Tsohon ya ɗago ya dube ni.

"Korarka aka yi?"

"A'a, Baba."

"To zamna. Ya ƙahwar?"

Ranar minti biyar na yi.

Mai ɗakina ta lura na daina cin tuwo ba tare da wayar a gefena ba. Ta ce, "Kai da abin nan, ko shi zai yi maka faci in ka faɗi?" Ban gaya mata lissafin da nake yi ba. Wa zai ce wa mace ubanta ne ke tsakaninsa da na ɗaya?

Ranar da na yanke shawara Talata ce. Na ce sau ɗaya tak. Zan wuce, in sa sunana a sama, gobe in zo in ce birki ne ya ƙi. Na sa wa sarƙar keke mai, na ƙara iska. Kullum a aljihun gaba nake sa wayar, amma ranar na ji tsoron kada gudu ya fizge ta ta faɗi. Sai na sa ta a cikin langar da nake zuba abincin rana, na rufe da murfi, na cusa ƙarƙashin buhu na ɗaure da roba. Na ga kamar na yi dabara.

Na taka kamar ana bina da sanda. Da na hango tsamiya na sunkuyar da kai a kan ƙahon keken, amma gefen ido ba ya sunkuyawa. Na ga ya ajiye igiyar, ya gyara zama, ya matsa gefe a tabarmar kamar yadda yake yi mini wuri kullum. Na wuce. Ban waiwaya ba. A kwalbati ƙirjina kamar zai tsage, bakina duk ɗanɗanon ƙarfe.

A rumfar mai faci na kwance langar na ciro wayar. Malamin ba ya nan, mai facin ne ya duba. Ya daɗe yana kallo.

"Wanga ba keke ba ne, shaho ne."

Layin ya taso daga gidan mai, ya bar titi gaba ɗaya, ya miƙe samɓal ta kan gonakin albasa da fadama, bai sake taɓa hanya ba sai kusa da Jega inda roba ta saki murfin ya ɗan buɗe. Zangon kuwa babu shi. A wurin wayar, ban bi ta nan ba ranar. Da malamin ya zo ranar Asabar ya ce ƙarfen langa da buhu ne suka tare ta, ba ta ga sama ba. Ya ce in sake gwadawa mana, abu mai sauƙi.

Washegarin gudun na sauka a tsamiya tun daga nesa, na turo keken da hannu. Na durƙusa. Ƙaryar birkin tana bakina. Ya amsa gaisuwa duka, bai rage ko ɗaya ba, har ƙafa ya tambaya. Sannan ya ce, idonsa na kan igiya, "Jiya wani ya wuce da keke irin naka. Maƙwabta suka ce kai ne. Na ce musu ba kai ba ne."

Na haɗiye ƙaryar. Na ce, "Allah ya ƙara girma, Baba."

Bayan kwana biyu na tarar da gindin tsamiya babu kowa. Ya mayar da tabarmarsa cikin zaure, inda ba a ganin titi. Ya gaya wa 'yarsa wai iskar mota ce ke damun idonsa. Shekara nawa motoci na wucewa ba su dame shi ba.

Hanya ta buɗe ke nan, ba mai tsare ni. Malamin har tuna mini ya yi. Ban sake gwadawa ba. Yanzu sai in sauka, in jingine keke, in taka har zaure, in yi sallama in jira a ba ni izini. Ya kan kai minti bakwai. Manhajar tana nan a wayar, ban iya cire ta ba, kuma na gaji da roƙon mutane. Karo na ƙarshe da mai faci ya karanto mini jerin, na sauko zuwa na tara.