Baba Ya Ce Kar A Jira Shi

Ana sallame asuba muka fito daga lungunmu na Ƙofar Mazugal, ni da Baba, za mu Legas. Ƙaninsa ne ya rasu a Agege da yamma, yayarmu ta yankar mana tikitin jirgin safe don ya samu jana'iza. Ni aka haɗa da shi wai ni ne ɗan boko. A aji uku na ajiye sakandare, amma a gidanmu wannan digiri ne.

Baba ya yi shekara talatin yana safarar goro a babbar mota, a lissafinsa Legas yini ce da kwana. A cikin adaidaita na ce masa ta sama kilomita ɗari takwas ne da 'yan kai, awa ɗaya da rabi mun sauka. Ya ce, "To." Irin "to" ɗin da yake min idan na ce gobe zan fara neman aiki.

A filin jirgi aka karɓe 'yar wuƙar da yake yanka goro da ita, aka sa ya cire hula ya mayar. Na tambayi kuɗin shayi, na ji ƙishirwar ta tafi da kanta. Da muka tashi ni ne a taga. Kano ta koma kamar an baza tsaba a tabarma, can gaba na hango kogin Kwara siriri kamar zare. Aka ba mu kek da bai kai ƙosan goma ba. Baba bai kalli waje ba, carbi yake ja. Tara saura muka taɓa ƙasa.

Agege ba nisa daga filin, go-sulo ne kawai ya ɗan ci mu. Wajen goma muna ƙofar gidan. Mutane na zaune a tabarmi, ƙafafunsu duk jar ƙasa. Ban tambaya ba na gane.

Babban ɗan mamacin ya durƙusa. "Baba, ai kai ka ce kar a jira ka. Mu mun so a kai azahar."

Ashe bayan an yanki tikitin sun yi waya da Baba, ya ce musu ba a ajiye gawa saboda mutumin da yake Kano. Ƙarfe tara suka kai shi.

Baba ya juyo. "Kai, ƙarfe nawa muka sauka?"

Na faɗa masa. Ya ce a raka shi maƙabarta, ya daɗe a tsaye kan ɗanyen kabarin.

Bayan sadakar uku ya ce shi mota zai bi. Muka biyo ta Ilori da Mokwa, muka ci doya da ƙwai a tsaye, ramukan hanya suka gaisa da kowace gaɓa tawa. Shi kuwa kowace tasha sai ya faɗi sunanta kafin mu iso. Sai washegari da hantsi muka shigo ta Na'ibawa.

Abin da na ƙaru da shi: in ka gaya wa tsoho lissafi ya ce maka "to", kar ka tashi, zauna ka tabbatar ya shiga. Yanzu 'yan ta'aziyya na ta zuwa zaure, kowa sai ya tambayi Baba ko ya samu jana'iza. Amsarsa ɗaya ce: "Ina fa. Legas da nisa." Ni ina gefe ina miƙa buta, ban taɓa gyara masa ba.