Mai Walda da Kilo Tamanin

Mai walda ya kai shekara talatin yana ɗaga ƙarfe a bayan shagonsa. Da hannunsa ya haɗa kayan: doguwar sandar ƙarfe, da tsofaffin fayafayan birki na manyan motoci. Mutum ne da ba ya yarda da abin da bai gwada ba. Ko tsinken walda zai saya, sai ya ƙona ɗaya a gaban mai shago.

Da ya haura hamsin, kafaɗarsa ta dama ta fara ciwo. 'Yarsa ta fari, mai aikin gashin ƙashi a asibiti, ta hana shi gwada iyakar ƙarfinsa kamar yadda ya saba duk ƙarshen wata.

"Baba, ba sai ka ɗora wa kanka duka ba. Ɗaga kilo sittin har ka gaji, ni zan lissafa maka iyakarka."

Ya kwanta a benci ya ɗaga sau goma, na sha ɗaya ya ƙi tashi. Ta daddanna wayarta.

"Wajen tamanin."

"Tamanin? Ni da na ɗaga ɗari?"

"Yaushe ke nan, Baba?"

Sai ya hango matarsa a bakin ƙofa tana murmushi. Nan take zuciyarsa ta raya masa uwa da 'ya sun haɗa baki, an rage masa lamba don ya haƙura.

Washegari ya kira maƙwabcinsa mahauci a ɓoye, ya sa shi ɗaga saba'in. Mahauci ya yi sau tara. Mai walda ya kira 'yarsa a waya, ya ce wani abokinsa ne ya ɗaga saba'in sau tara, yana tambayar iyakarsa.

"Wajen casa'in," in ji ta.

Suka ɗora casa'in, mahauci ya ɗaga da ƙyar. Suka ƙara biyar, ƙarfe ya zauna masa a ƙirji, sai da mai walda ya kama masa.

Ya daɗe yana kallon mahaucin.

"Faɗa min gaskiya. Jiya matarka ta shiga gidana?"

"Ta shiga aron dutsen guga."

"Dutsen guga. To, madalla."

Har yau sittin yake ɗagawa, kafaɗar kuma ta lafa. Tamanin ɗin bai taɓa gwadawa ba. In ƙarfinsa ya tsaya a nan, uwa da 'ya ke da gaskiya. In ƙarfen ya ƙi tashi, abin ya fi muni. Duk wanda ya tambaye shi iyakarsa, sai ya ce ana kan bincike.