Modu a Ɗakin Shawara

Har in koma ga Allah ba na jin zan manta da ranar da aka kawo mini mutum lafiyayye garau don in yi masa maganin ciwon wani.

Ku ma'aikatan da kuka zo asibitin nan daga baya kun tarar da ɗakin shawara da labule da fanka. Lokacin da na dawo Hadeja daga kwas ɗin lafiyar ƙwaƙwalwa, ina babban ma'aikacin jinya, wani ɗan ɗaki aka ba ni a ƙarshen baranda, kusa da inda ake jibge tsofaffin gadaje. Tsarin shi ne mutum ya yanki kati, ya ga likita, a auna masa jini da suga. In an ga jikinsa lafiya lau, sai a turo mini shi mu zauna mu yi magana, domin matsalar shimfiɗa a wurin maza sau da yawa a zuciya take, damuwa ce ko tsoro. Sai dai mutanenmu ba sa bin tsari. Kowa ta bayan baranda yake zagayowa, ya leƙo kamar ɓatan hanya ya yi.

Haka Malam Habu ya leƙo wata safiya, bayan ruwan ambaliya ya janye. Mutumin wajen Kirikasamma ne, manomin shinkafa, yana kuma bandar kifi. Muka gaisa, muka jajanta ruwa, muka sake gaisawa. Sannan ya matso da kujera. Kun san duk mai farin kaya likita ne a wurinsu.

"Likita, wani abokina ne."

"Me ya same shi?"

"Ka san injin ban ruwa? A ja igiya, ya yi tari, ya mutu. To haka."

Na ce tun yaushe? Ya ce tun da ruwa ya cinye masa gona. Na ce yana samun barci? Ya ce ina fa barci, sai juye-juye. Ya san abin da abokin nan yake ci, ya san abin da yake tunani, har mafarkinsa ya sani. Ni kuwa na gane mai injin yana zaune a gabana. Amma ina ɗauke da zafin sabon kwas, inda aka koya mana ba a yi wa mutum magani a bayan idonsa. Sai na ce, "To Malam Habu, ka kawo shi." A zatona zai yi dariya ya ce shi ne. Sai ya ce, "To," ya sa takalminsa ya fita.

Sati na zagayowa sai ga shi da wani ɗan siririn mutum mai fara'a. Sunansa Modu, Babarbare ne, mai tuƙa kwalekwale, amininsa tun yarinta. Abin da ban sani ba shi ne, Habu ya ce masa asibiti na duba masu aikin ruwa saboda tsargiya, ciwon nan na fitsarin jini. Ni kuma da na ga an kawo mutum da gaske, sai na ji kunyar zargin da na yi. Na gyara zama.

"Malam Modu, tun yaushe abin ya fara?"

"Ai tun ina yaro, Likita. Duk samarin garinmu haka muke."

Na ajiye biro. "Duk?"

"Duk wanda ya san ruwa. Har mai unguwa."

"Iyalinka sun sani?"

"Har surukata ta sani. Ita ta jiƙa mini saiwa."

Habu ya yi caraf ya ce, "Ba ya barci, Likita."

Modu ya juya. "Ni? Ni da sai an yayyafa mini ruwa ake tashe ni?"

"Kuma ba ya cin abinci."

"Kai Habu, jiya wa ya cinye maka tuwo?"

Nan na ga hanyar ta rabu biyu. Na ce bari in fito fili. "Malam Modu, ina nufin tsakaninka da mai ɗakinka. Maganar shimfiɗa."

Modu ya cire hula ya ɗora a gwiwa. "Likita, matata jego take. Tagwaye. Wannan da kake gani shi ya raba goron suna."

Muka juya gaba ɗaya muka kalli Habu. Shi kuwa ya ƙura wa bango ido kamar an rubuta masa wani abu a jiki, gumi na bin wuyansa. Na ɗauka dambe za a yi, har na janye kwalbar ruwa daga kan tebur. Modu ya miƙe ya ce, "Wato ka ɗauko ni a babur ko karyawa ban yi ba, ka kawo ni a yi mini tambayar da ko ubana bai taɓa yi mini ba?" Sai kuma ya koma ya zauna. Muryarsa ta sauka. "Shi ya sa kake kwana a wurin banda, kana cewa gadin kifi kake? Habu, matarka Hajara ta zo wurin matata tana kuka. Ta ce ka tsane ta. Ta fara ɗaure kayanta za ta tafi gidansu Guri."

Habu bai san da wannan ba. Ƙaton mutum ya rufe fuska da hannun riga. Modu ya sa hularsa ya ce zai jira a waje, ya ja mana ƙofa.

Na fara mai da Habu wurin likita, kamar yadda ya kamata tun farko. Jininsa ya hau sosai. Da aka bincika, sai ya zazzage aljihu: ƙullin gari, kwalabe, da wasu ƙwayoyi masu hoton doki, duk na masu lasifika a kasuwa. Likitan ya dube su ya dube ni ya ce, "Malam Isa, wannan majinyaci ne ko kanti?"

Daga nan muka riƙa zama. Ashe tun da ya tsaya a kan tudu yana kallon shinkafarsa a ƙarƙashin ruwa, ya ji ya daina zama namiji a gidansa. Abin ya ƙi sau ɗaya, sai tsoro ya shiga, tsoron kuma ya riƙa hana na gaba. Na ce ya bar magungunan nan, ya koma ɗakinsa, ya yi hira da matarsa, kada ya gwada komai tukuna.

Ya ce, "Wato na zo neman maganin tashi, ka ba ni na zama?"

Na ce shi ne.

Da ƙyar ya yarda ya zo da Hajara. Ta zauna ta rufe rabin fuska da mayafi, ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Yanzu duk wannan ne? Ni na ɗauka ƙyamata yake. Turaren wutar da na yi ta sawa har maƙwabta sun taɓa shigowa da bokiti." Habu ya yi dariya har da tari. Ba ta tafi Guri ba. Kafin shinkafar rani ta nuna, ya zo ya ce mini zaman ya isa haka, alhamdu lillahi, kuma ban tambaye shi ƙarin bayani ba.

Wanda ya sha wahala Modu ne. Wani ɗan garinsu ya gan shi yana fitowa daga ɗakina, labari ya riga shi isa gida. Masu magani suka riƙa tare shi a kasuwa suna yi masa raɗa. Tsofaffi suka riƙa kallon tagwayen suna kallonsa. Kalma ɗaya ta isa ta wanke shi, amma bai taɓa faɗar ta ba. In an tsokane shi sai ya ce, "E, na je, kuma na warke. Mai so ya zo in raka shi." Kuma ya rako mini mutane, ba ɗaya ba, ba biyu ba.

Abin da na koya shi ne, a wannan aikin kunya ta fi ciwon nauyi, kuma ba a fizge ta daga jikin mutum da ƙarfi. Mutanenmu suna iya ɓoye abu har ya kusa kashe musu aure, amma suna iya rufa wa juna asiri fiye da yadda muke zato. Don haka in mutum ya zauna a gabanku ya ce abokinsa ne, ku tambayi lafiyar abokin da mutunci, ku ci gaba da sauraro. Kada ku ce ya kawo shi. Wallahi zai kawo.