Jagoran da Ya Goyi Uwata Ya Hau Dutse

Kafin rana ta leƙo ta bayan tsauni, shi ya riga ya yi nisa. Da an idar da sallar asuba zai rataya usur a wuya, ya ɗauki adda da tsintsiya, ya kama hanya. Matakala ɗari uku da goma sha bakwai ce daga rumfar tikiti zuwa tsohuwar ganuwa, kuma babu wadda bai san halinta ba: wadda ke santsi in an yi raɓa, wadda ke motsi, da wadda kunama ke son kwana a ƙarƙashinta. Yana tafe yana sare reshen da ya tare hanya, yana tsince ledojin da baƙin jiya suka watsar, yana girgiza kowane ƙarfen dogarawa ya ji ko ya saki. Daga nan sai ya gangara kwazazzabo, ya tsuguna a bakin rafi ya daɗe yana kallon ruwa kamar mai karanta wasiƙa. Ƙarfe takwas za ka same shi a rumfa, ya wanke ƙafa, yana jiran motar farko.

Shekara talatin da huɗu ya yi a haka. Makon jiya ya ajiye aiki. A takardun ofis sunan aikinsa mai gadi, amma duk wanda ya taɓa zuwa yawon buɗe ido a tsaunin nan da Mai Usur ya san shi.

Shi ke nuna wa baƙi ganuwar da mutanen da suka jera da dutse zalla, ba laka ba siminti. Shi ke shiga da su kogon da mata da yara kan ɓuya a zamanin mahara, wanda rufinsa har yau baƙi ƙirin yake da hayaƙi. Shi ke kai su ramukan niƙa a kan falalen dutse, da mazubar ruwa, da kufan unguwar maƙera da ke bayanta. Bai yi zurfi a boko ba. Tarihin a bakin tsofaffin da suka sauko daga tsaunin ya tattara shi, shekara da shekaru yana bin su gida gida, yana zama a gefen tabarma. Abin da ya sa na fara ganin girmansa shi ne ba ya ƙari. In ka tambaye shi abin da bai ji ba, sai ya ce, “Wannan kam ban sani ba, wanda ya sani ya riga mu gidan gaskiya.”

Wani direba da ke kawo baƙi ya ba ni labarin ranar da wani ya zura ɗan dutsen niƙa a jaka zai tafi da shi ado. Mai Usur bai yi masa faɗa ba. Ya bi shi har wurin ajiye motoci, ya hau kan bonet ya harɗe ƙafa. Ya ce, “Yallaɓai, ko ka sauke dutsen kakanninmu, ko ka tafi da mu mu biyu. Ni kuma ina da ci.” Aka sauke dutse.

Amma ba don labarin direba na ɗauki alƙalami ba. Abin da na gani da idona zan faɗa.

Shekara tara ke nan. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana da shekara saba’in a lokacin. Kakarta a unguwar maƙera aka haife ta, kuma Inna ta daɗe tana cewa ba ta son ta mutu ba ta ga wurin ba. Gwiwa na damunta, na yi ta kwana-kwana, har ta ce mini, “In jira kike na warke, sai dai ki kai hotona.” Na ɗauko ta muka tafi.

Mu bakwai aka haɗa wa Mai Usur ranar: ni da Inna, wasu ma’aurata, ’yan mata biyu ma’aikatan jinya, da wani babban mutum mai baƙin tabarau da tsadaddiyar waya, wanda tun daga rumfa yake duba agogo. Ba a zuwa unguwar maƙera sai ta kwazazzabo, wani lungu ne tsakanin bangon dutse biyu masu tsawo, ɗan rafi na gudu a tsakiya, ruwan bai wuce idon sawu ba. Tafiyar minti ashirin ce a cikinsa. Sama garau take, ko ɗigon gajimare babu.

Muka isa lafiya. Mai Usur ya tambayi Inna sunan uban kakarta, sannan ya kama hannunta ya kai ta wani da’irar duwatsu kusa da matoyar ƙarfe. Ya ce, “In dai tsohon da ya gaya mini bai ruɗe ba, nan ne ɗakinsu.” Inna ta zauna a kan dutsen ƙofa ta yi kuka, ta yi addu’a, mu kuma muka ba ta wuri.

Wajen ƙarfe ɗaya na rana muka juyo. Mun kai tsakiyar kwazazzabo sai Mai Usur ya tsaya cak. Ya duƙa ya ɗebi ruwa a tafin hannu, ya shinshina. Na duba, sai na ga ruwan da ɗazu muke ganin tsakuwa a ƙasansa ya koma kalar shayi da madara, ga ɗanyun ganyaye suna wucewa. Wata iska mai sanyi ta biyo lungun ta ɗaga mini mayafi.

Ya busa usur, ƙarar ta cika wurin. “Kowa ya dawo nan! Sama za mu hau, yanzu!”

Mai tabarau da ya yi gaba ya waiwayo. “Wace sama kuma? Ga hanya nan, minti goma mun fita.”

“Ba mu da minti goma, Yallaɓai. An yi ruwa a bayan tsauni, yana tafe.”

“Ruwa? Kai, dubi rana fa! Ina da taro ƙarfe uku.”

“Ruwa ba ya tsami banza. Don Allah ka dawo.”

“Kai dattijo, ba a yi mini tsawa. In tsoro kake ji, ka zauna.” Ya juya ya ci gaba, ya ɗaga waya yana ɗaukar hoton bangon dutse. Ma’auratan suka tsaya suna kallon-kallo, sun rasa wa za su bi.

Ban taɓa ganin mutum mai shekara hamsin da biyar ya yi irin wannan zafin nama ba. Taku huɗu Mai Usur ya yi, ya fizge wayar daga hannun mutumin, ya dawo ya danƙa mini. Ya ture wani kurmin ciyawa a jikin bango, sai ga wasu ƙananan ramuka da aka sassaƙa a dutsen, ɗaya bisa ɗaya, sun yi sama.

“Malama, sa ta a jaka ki hau. Kada ki dubi ƙasa, kada ki ba shi ko zai zagi iyayenki.”

Mai tabarau kuwa ya zage su. Na hau, ’yan matan suka biyo ni, ma’auratan suka biyo su, mai tabarau na ƙarshe yana haki yana cewa sai ya ga bayan aikin tsohon nan, ɓarayi kawai. Na yi kamar tsayin mutum uku sannan hankalina ya dawo jikina. Inna! Na leƙa ƙasa. Tana tsaye riƙe da sandarta, rafin ya kai mata ƙwauri. Gwiwar da ba ta iya hawa matakalar gida, ina za ta iya wannan?

Na yi ihu zan sauko. Mai Usur ya daka mini tsawa: “In kin sauko kin tare mana hanya! Wuce!”

Ya warware rawaninsa, ya durƙusa a gabanta ya ba ta baya. Ina jin su sarai.

“Inna, hau.”

“Ni? Da girmana namiji ya goye ni? Ka je abinka, ɗan nan. Na ga abin da na zo gani.”

“Ba ki goyi ’ya’ya ba? Yau ranar ramuwa ce. In ba ki hau ba, nan zan zauna, a ce ke kika kashe wa mutane jagora.”

Sannan muka ji shi. Wani rugugi ne daga can saman lungun, kamar manyan motoci goma sun taho a jere, har dutsen da nake riƙe da shi yana rawa. Inna ta saki sanda ta hau. Ya ɗaure ta da rawani ya ƙulle a ƙirjinsa, ya sa hannu a ramin farko.

Mu mun riga mun kai wani ɗan dandali a jikin dutsen. Na kwanta rub da ciki ina miƙa hannu, ina ƙirga masa ramukan. Yana hawa a hankali, jijiyoyin wuyansa sun tashi, Inna ta rufe ido tana salati. Saura rami shida. Saura biyar. Sai ruwan ya ɓullo ta kwana, ja wur, ya fi tsayin mutum, yana tafe da itatuwa da duwatsu. Ya daki bango ya fantsamo mana. Wani gungume ya juyo ya maki ƙafar Mai Usur ta hagu, na ji ƙarar da kunnena. Ƙafar ta zame, ya rage hannu biyu da ƙafa ɗaya ke riƙe da rai biyu.

Bai yi ihu ba. Ya kifa goshi a jikin dutsen, ya ja numfashi, ya ce, “Inna, riƙe ni da kyau, kada ki shaƙe ni dai.” Ya ɗaga kansa da ƙarfin hannu, rami ɗaya, rami biyu. Mijin cikin ma’auratan nan ya kamo wuyan rigarsa, ni na kamo hannun Inna, kuma hannun da ya kamo ɗamarar rawanin ya ja da dukkan ƙarfinsa na mai tabarau ne. Muka zube gaba ɗaya a kan dandalin.

Muka leƙa. A ƙasa, inda muke tsaye minti uku da suka wuce, wata itaciya sukutum da saiwoyinta ta wuce tana juyi.

Ma’aikatan jinyar suka ɗaure masa ƙafa da mayafi da reshe biyu. Yana gumi yana cije leɓe, amma da ya ga matar cikin ma’auratan tana kakkarwa sai ya fara aikinsa. Ya ce, “Tunda kun biya kuɗin tikiti, ga ƙari kyauta. Nan da kuke zaune masu tsaron gari suke tsayawa su hango mahara. Ramukan nan su suka sassaƙa. Wata tsohuwa ce ta kwatanta mini wurin, na yi rani biyu ina nema kafin na gano.” Ashe kowace shekara sai ya zo ya kankare gansakukar da ke cikinsu, ba wanda ya sa shi, ba wanda ya sani.

Sai bayan la’asar ruwan ya janye, mutanen gari suka zo da igiya da makara suka sauke mu.

Wata uku ya yi a kwance, kuma har yau yana ɗingishi. Ka san me ya samu daga ofis? Takardar gargaɗi. Gilashin wayar ya tsage a cikin jakata, labari ya kai sama cewa ma’aikaci ya ƙwace kayan baƙo. Mai tabarau, don a faɗi gaskiya, ya dawo daga baya ya nemi a janye maganar, har ya je gida ya duba shi, amma takarda ta riga ta shiga fayil. Da na ce zan rubuta ƙorafi, Mai Usur ya yi dariya ya ce, “Bar su, Malama. Ai na ƙwace ɗin.”

Baba Mai Usur, kai ne ka san dutse kamar tafin hannunka, ba ka taɓa mallakar ko taku ɗaya a kansa ba. Kai ne ka zauna gaban tsofaffi lokacin da kowa ke ganin surutunsu ɓata lokaci ne, ka kwaso abin da ya zo ya ceci mutum bakwai. Bangon dutse, madogarar baƙo. Ka yarda a kira ka ɓarawo don mai kiran ya kwana a gidansa.

Na je gaishe shi shekaranjiya. Babu wani biki da aka yi masa. Na tarar da shi a ƙofar gida ya miƙe ƙafar a kan kujera, matarsa tana yi masa tsiya: “Shekara talatin da huɗu ina kishi da dutse, yanzu an sako mini shi ya rasa inda zai sa kansa. Jiya tukunyar fulawata ya tsaya yana ba wa tarihi.”

Ku da kuke karanta wannan, mutumin nan yana raye, kuma abin da ke kansa babu shi a kowane littafi. Malaman makaranta, ɗalibai, da wanda aka ba aikinsa, ku je ku zauna a gabansa da takarda da biro tun yana iya ba ku amsa. Wanda kuma Allah ya ba ƙaramin aiki, ya dubi yadda ake riƙe shi. In wata rana mai gadi ko direba ko mai shara ya ce maka tsaya, ka tsaya tukuna, ka tambayi dalili daga baya.

Na gode, Baba. Allah ya ba ƙafar nan sauƙi, ya sa ka ga alheri a kan ’ya’yanka. Inna tana da shekara saba’in da tara yanzu. Tana ɗakinta ina jin muryarta a daidai lokacin da nake wannan rubutu, tana yi wa jikokinta faɗa a kan sun bar mata ƙofa a buɗe. Wannan faɗan da nake ji kullum, kai ka bar mini shi.