Sandar da Na Kankare a Turakun Safiyo

Bari in sauƙaƙa muku tun daga farko. A labarin nan akwai Bature, akwai alƙali, akwai jaki, amma wawan ciki ni ne. Na faɗa da bakina don kada wani ya riga ni ya ce shi ya gano. Sai dai wawa ne mai ilmi, domin na yi elementare a Gaya har aji biyu, kuma ba korata aka yi ba, malamin ne kawai ya roƙe ni kada in sake dawowa.

Zamanin Turawa ne, lokacin da gyaɗa ta yi daraja, jakuna suka kasa, aka ce a gyara hanyar Gaya zuwa Ajingi yadda babbar mota za ta bi ko da damina. Aka turo safiyo, wato Baturen awo, dogo mai jan wuya, da madubinsa mai ƙafa uku. Da madubin yake gane tudu da kwari, ya zana a takarda. Ni aka ɗauka jan sarƙar awo saboda ina karanta lamba. In ja sarƙa, in kafa turke inda ya nuna. A jikin kowane turke akwai lamba da jan fenti, a gabanta kuma alama: wani sanda ɗaya kwance, wani sanda biyu a gicciye. Ban taɓa tambayar ma'anarsu ba. Mai aji biyu ba ya tambaya a gaban lebura.

A shekarar na auri Falmata, 'yar Baba Kyari, Babarbaren da iyayensa suka daɗe da zama wajen Gafasa. Gidansa na ƙasan wani kwari da hanyar za ta ratsa, da rumbunan gero cike, waɗanda gidan gaba ɗaya ke ci daga ciki har kaka ta zagayo.

Wata rana na tarar da wani manomi, Tanko, ya ɗaure jakinsa a turken Bature. Na daka masa tsawa. Ya kwance jakin, ya tsuguna yana duban fentin.

"Malam mai sarƙa, wannan gicciyen fa? A bakin gonata?"

Wallahi da wasa na fara. Na rage murya na ce, "Alamar mishan ce. Inda ka ga ita, nan Bature ya zaɓa don gina coci."

Ya dafe kai. Kafin la'asar ga shi da zabo a hammata. Na zaro wuƙa na kankare sandar tsaye, na bar ta kwance, na ce masa magana ta mutu. Ya yi ta sa mini albarka. Zabon nan, yara, har yau ban ci mai daɗinsa ba, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce ya tsaya mini a wuya ba.

Labari ya bazu. Zabi, ƙwai, gyaɗa, damin dawa. Na zama mutumin da ake gaisarwa daga nesa. Da muka iso kwarin su Baba Kyari, turakun wurin duk gicciye ne, jere reras. Ya aiko a kira ni, na durƙusa a zaure.

"Ɗan nan, na ji kana da hannu a wannan abin. A raba mu da shi."

Saboda kunyar surukuta ban karɓi zabo a wurinsa ba. Agwagwa na karɓa. Na bi kwarin daga wannan baki zuwa wancan, ban bar gicciye ko ɗaya ba.

Ana haka zazzaɓi ya kayar da safiyo, aka ɗauke shi zuwa Kano. Sai ga Audu helma, shugaban lebura, da mutanensa da diga da kwanduna. Na zo wucewa na ga suna haƙa a tsakiyar kwari.

"Helma, yaya ake haƙa rami a cikin rami?"

"Kai ɗan boko kake tambayata? Gicciye ƙari ke nan, a zuba ƙasa a cike. Sanda kwance ragi, a haƙe. Nan duk ragi aka rubuta. Ni ma abin ya ɗaure mini kai, amma madubin Bature ya fi idona."

Ashe ranar da aka koyar da wannan a makaranta ina kasuwar Ajingi kallon kokawa.

To, a nan ne laifin yake, ba a zabon farko ba. Da a ce na buɗe baki a wurin, da bulala ce kawai da kora. Na dubi inda ramin ya nufa, na ga bangon Baba Kyari. Na tuna agwagwa, na tuna masu gaishe ni daga nesa. Na ce, "Haka ne, helma, Bature ba ya kuskure." Na wuce. A gida Falmata ta ce, "Malam, yau ko tuwon ba ka taɓa ba." Na ce lissafi ne ya yi mini yawa a ka.

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka. Duk ruwan gonakin tudu ya sami hanyar da gwamnati ta haƙa masa, ya miƙe sak kamar an aike shi. Ya ci bangon Baba Kyari, ya kwantar da rumbunan nan ɗaya bayan ɗaya. Allah ya tsare rai, amma geron shekara ya tsiro a cikin taɓo. Na ga tsohon nan tsaye cikin ruwa har gwiwa, yana tsamo zangarniya yana dubawa yana yarwa.

Injiniyan gwamnati ya zo da zanen safiyo, ya tsige turke ɗaya, ya shafa sawun wuƙa da yatsa. Ba a wahala ba. Tanko mai jaki, wanda ya fi kowa sa mini albarka, shi ya fara nuna ni.

Gaban alƙali na tsaya da ƙarfina. Na ce, "Allah ya gafarta malam, a raba laifin. Mutum ya zo ƙasar mutane ya kafa musu alama a gona, bai gaya wa kowa ma'anarta ba." Kuma har gobe ina nan a kan wannan magana.

Alƙali ya ce, "Na ji. Ranar da helma ya gaya maka fa, wa ka gaya wa?"

Ashe helma ya riga ya ba da shaida. Na ce, "Ba kowa, Allah ya gafarta malam."

Baba Kyari bai nemi a biya shi ba. Cewa ya yi, "Falmata za ta dawo gida. Ranar da rumbunana suka tashi, mu yi magana."

Aka kai ni gidan yari. Don a ƙara mini ilmi, aka haɗa ni da fursunonin aikin hanya, aka dawo da ni kwarin nan. Mu haƙo marmara a gefe, mu ɗauko a ka, mu zuba inda na sa aka haƙe. Yara suna bina suna waƙar mai gicciye. A nan na ƙware a lissafi: kowane kwando ƙari ne, kuma wuyana ne allon.

Da aka sallame ni na tuba tuban gaske. Na yi wa Baba Kyari noma damina bayan damina, na gina rumbunan da hannuna, har suka cika. Ranar da ya ce in ɗauki matata, ko kallona bai yi ba.

Saboda haka ku yaran yanzu, ku da ke riƙe da igiyar awo da takarda, ku saurara. Alamar da ba ka san ma'anarta ba, kada ka taɓa, kada ka sayar. In ka taɓa kuma aka gaya maka, buɗe baki tun ƙasa na bushe. Amma kada wani ya ce zai yi mini dariya. Ramin da muka ɗebi marmara, yau kududdufi ne. Shanu na sha, magina na buga tubali, har tarwaɗa ake kamawa. Wa ya ba garin nan wannan ruwa? Safiyo ya tafi ƙasarsu, nawa aikin na nan.

Jiya nake wannan bayani a ƙofar gida, jikoki sun kewaye ni, na ce in an yi adalci sunana za a sa wa ruwan nan, domin ni ƙari na kawo wa garin. Falmata na daga ciki tana tankaɗe, ba ta ko fito ba.

Ta ce, "Malam, rufa mana asiri. Kai ma tun kana yaro wani ya kankare maka sanda ɗaya. Duk inda aka kafa ka, ragi ake yi."