Gayyar da Na Kira wa Ƙungiyar Ɗana

A shekarar da ɗana na fari ya baro jami'a ya dawo gida, ɗakinsa ya shiga ya tura ƙofa. Ba faɗa ya yi da kowa ba, ba korarsa aka yi ba. Kawai ya ce ya gaji. Abincin da nake ajiye masa a bakin ƙofa kafin in tafi asibitin da nake aiki, shi nake tararwa in na dawo, man ya daskare a kai. Likita ya rubuta magani, babansa ya yi nasiha har ya gaji, ni kuma na yi faɗa na yi lallashi na koma kuka a banɗaki. Abu ɗaya ne kaɗai ke fito da yaron nan daga ɗaki, shi ne ƙwallon mutanen Ireland.

Wasan nan sai wanda ya gani. Ƙwallo ce kusan irin tamu, amma da hannu ake cafe ta, a ruga da ita, a doke ta da dunƙulallen hannu, a kuma buga da ƙafa. Ragar tana da dogayen sanduna biyu da suka miƙe sama. In ƙwallo ta shiga raga maki uku ne, in ta bi ta saman ragar tsakanin sandunan maki ɗaya. Ranar da na fara zuwa kallo, yana ɗan firamare, ya buga ƙwallo ta tashi sama ta wuce raga, na ɗora hannu a ka ina cewa ya ɓarar, ashe Turawan da ke gefena tafi suke yi masa.

Wani ɗan ajinsu ne ya ja shi, lokacin muna zaune kusa da unguwar Woodlawn a Bronx. Su mutanen Ireland na New York kowa da ƙungiyar yankinsu na gida, kamar a ce Katsinawa da tasu, Zagezagi da tasu. Wadda ta ɗauki ɗana ta wani ɗan ƙaramin yanki ce, wanda su da bakinsu suke cewa tumakinsa sun fi mutanensa yawa. Ɗana bai taɓa taka yankin ba. Amma rigarsu yake sawa, in an ci su a can gida a talabijin shi ma ranar ba ya walwala.

Kocinsu wani dattijo ne, tsohon magini, jan fuska, gwiwa ɗaya ta lalace. Murya gare shi kamar mai tallan kananzir. In ya tsaya a bakin fili ya ƙwala wa ɗana kira, har a wurin ajiye motoci sai ka ji. Bai ma iya faɗar sunan daidai ba, yana cinye harafin tsakiya. Amma da ya kira, sai ka ga yaron ya ɗago kai, kafaɗunsa sun miƙe.

Dole in faɗi wani abu a nan, don sai da shi sauran maganar za ta fito. Ni Bazazzagiya ce, kakata ce ta raine ni, kuma ɗan fari a wurinmu ba a kiran sunansa. Tun da na haife shi sunan nan bai fito daga bakina ba a gabansa. "Kai" nake cewa, ko "yaron nan". A takardar makaranta zan rubuta, amma baki a'a. Babansa kuma sunan mahaifinsa ya sa masa, don haka "Babana" yake kiransa. Ƙannensa mata biyu "Yaya" suke cewa. Yana ɗan shekara sha huɗu ya taɓa tambayata da Turanci, don da Turanci yake amsa min komai ko da Hausa na yi masa, wai shin na san sunansa kuwa. Na ce, "Ji min yaro da neman magana. Tashi ka kwashe kwanukan nan." Har gobe ban ce kakata ta koya min kuskure ba. Kunya ce, kuma so ne. Sai dai a Zariya kowa ya san fassararta, a Bronx kuwa babu mai fassara masa.

To, a ƙarshen hunturun shekarar da nake magana, ana shirin fara gasar lig, ni nake kai shi tiren, wato atisaye, da kaina, don in ban kai shi ba ina tsoron kada ya fasa. Filin yana can saman Bronx, iska na kaɗawa kamar za ta yanke kunne. Ina zaune a mota ina kallo, sai na lura mutanen ba su da yawa. Na fito na sami kocin na tambaye shi yadda yake ganin ƙungiyar bana.

Ya daɗe yana kallon takalminsa. Ya ce ba maganar cin kofi ake ba bana, maganar cika fili ake. Mutum sha biyar ake bukata, waɗanda ke zuwa ba su kai ba. Samarin da suke zuwa daga Ireland sun rage, wasu sun koma, wasu sun yi aure sun bar gari, manyan kuma gwiwa ta ƙi. Ya ce akwai wasan sada zumunta kafin a fara lig, in ba su cika fili ba ranar, zai janye ƙungiyar da hannunsa kafin a yi musu dariya.

Na ce to yaron ya koma wata ƙungiyar mana. Ya girgiza kai. Manyan ƙungiyoyin suna da 'yan wasa har da ragi, a benci zai ƙare. Kuma ya ce shi ma ya yi masa tayin, ɗana ya ce in ba wannan rigar ba, ya bar wasa.

Na koma mota na riƙe sitiyari. Na san abin da ke bayan ƙofar ɗakin nan, ina ganin irinsa a wurin aiki, na ga iyayen da aka kira su zo asibiti da gaggawa. Ban iya ƙwallo ba, ban iya dokokinta ba, ban san ko mutum ɗaya a Ireland ba. Abin da na sani shi ne yadda ake yi a ƙauyen kakata in gonar mutum ta fi ƙarfinsa. Gayya ake kira. A aika wa samarin gari, su zo da fartanyunsu su taya shi, shi kuma ya ciyar da su.

Da na gaya wa maigidana, sai ya ajiye cokali ya kalle ni. Ya ce, "Yanzu 'ya'yan mutane za ki tara su je su yi wa Turawa ƙwallon hannu?"

Na ce, "Ba Turawa za su yi wa ba. Ɗanka za su yi wa. In kana da wata dabarar faɗe ta, ina ji."

Ranar Juma'a shi ya yi wa abokansa magana a bakin masallaci.

Ni kuwa na bi gari. Na fara da Fordham Road, wurin wata Hajiya 'yar zangon Kumasi mai shagon kayan miya, wadda duk samarin Ghana na unguwar 'ya'yanta ne ko 'ya'yan 'yan'uwanta. Na gaishe ta, na tambayi kasuwa, na sayi daddawar da ba na bukata, sannan na ce gayya na zo kira. Ta ce gayyar me a Amurka. Da na yi mata bayani ta yi dariya har da riƙe ciki, amma da ta ga idona sai ta daina. Ta ce, "Ƙanwata, ɗanki ɗana ne. Za su zo." Na shiga jirgin ƙasa na gangara Harlem, titi na ɗari da sha shida, na bi teloli 'yan Nijar shago shago. Ni da ba na son roƙon ko gishiri a wurin maƙwabciya, na tsaya gaban yaran da na haifi kamarsu ina cewa don Allah don Annabi.

Ranar wasan na soya waina tun da safe, na yi miyar taushe, na yi dafa-duka babbar tukunya, na dama kunun gyaɗa saboda sanyi. Muka loda kuloli a bayan mota. Ɗana yana kallona yana tambaya ko biki za a yi. Na ce ya shiga mota kawai.

Wallahi sun zo. Samari zaratan gaske, 'yan Kumasi, 'yan Damagaram, 'yan Kano biyu masu karatun digiri na biyu, kowa da takalmin ƙwallonsa. Kocin ya tsaya baki buɗe, ya cire hularsa ya mayar. Rigunan ma ba su isa ba.

Wasan kam abin dariya ne. Yaran da suka tashi ana hukunta su in ƙwallo ta taɓa hannu, yau an ce su cafe. Sai ƙwallo ta taso sama, ka ga saurayi ya mayar da hannuwansa baya ya tare ta da ƙirji. Wani ɗan Damagaram ya tsaya cak a tsakiyar fili yana nuna wa alƙalin wasa abokin hamayya, wai ya taɓa da hannu. Ba wanda ya yarda ya buga sama da gangan, kowa raga yake nema. An lallasa su, ban ma tsaya jin makin ba. Amma fili ya cika. Ɗana yana ta kai da kawo a tsakaninsu, yana nuna wa wannan yadda ake doka, yana jan wancan ya koma wurinsa, kocin yana ta ƙwala sunansa. Har na ji dariyarsa, wadda rabona da ita tun kafin ya tafi jami'a. Na zagaya bayan mota kamar zan ɗauko ludayi, na yi kukana na share.

Bayan wasa Turawa suka ci waina da miya har da neman ƙari. Kocin ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce na ceci ƙungiyar. Na yarda da shi. Ranar na yi barci.

Da ranar tiren ta zagayo, na kai ɗana fili. Mutum biyu ne suka dawo cikin duk samarin nan. Mako na gaba ɗaya ya rage, shi ma ya ce an sauya masa lokacin aiki.

Raina ya ɓaci, na tafi Fordham Road ko kayan aiki ban cire ba. Na ce, "Hajiya, ina yaran? Haka muka yi da ke?"

Ta kalle ni da mamaki na gaskiya. Ta ce, "Ƙanwata, ai gayya kika ce. Kuma sun zo, sun yi, sun ci abinci. Ko akwai wanda bai zo ba?"

Gaskiyarta ce. Gayya yini ɗaya ce. Ba a taɓa kiran gayya ta damina guda ba. Lig kuwa watanni ne, tiren cikin mako, wasa ƙarshen mako. Wannan yana kai saƙon abinci a keke, wancan yana tuƙi, wancan yana da jarrabawa, kowa akwai bakunan da ke jiransa a gida. Abin da na roƙa shi suka ba ni, cif. Duk da haka na ci gaba da bugun waya kamar mahaukaciya, na yi alkawarin waina kowane mako, har na fara jin ana ƙin ɗaukar kirana.

Kocin ya ja lokaci iyakar yadda zai iya. Daga ƙarshe ya zo gidanmu da kansa, ya hau benenmu da gurguwar gwiwarsa, ya zauna a falo ya gaya wa ɗana cewa ya janye ƙungiyar bana. Ya ce wataƙila baɗi. Yadda ya faɗi baɗin, ni da shi duk mun san ba shi da tabbas. Da zai tafi ya dafa kafaɗar yaron ya kira sunansa a hankali, yana cinye harafin tsakiya kamar kullum.

Washegari na ga takalman ƙwallon a cikin leda kusa da kwandon shara. Na ɗauke na ɓoye a ƙarƙashin gadona. Ƙofa ta koma rufe. Abinci ya koma daskarewa.

Ina jin gidan yana tafiya yadda ya saba. Babansa ya wuce ta ƙofar ya ce, "Babana, an yi sallah?" Shiru. Ƙanwarsa ta ƙwanƙwasa ta ce, "Yaya, ga shayi." Shiru. Ina kicin ina jin su, sai abin ya faɗo min a rai, har na saki wuƙar da ke hannuna. Mutum ɗaya ne a duk garin nan yake kiran yaron nan da sunansa da ƙarfi, yana nufin shi ɗin, yana jiran ya zo. Kuma mutumin ya sauka benen nan ya tafi.

Ranar da na yi abin, da la'asar ce, na dawo daga aiki. Babu kowa a gida sai ni da shi. Tuwon da na ajiye yana nan a rufe yadda na bar shi. Na tsaya a ƙofar na ce, "Kai." Ba motsi. Na ce, "Yaron nan, magana nake." Ba motsi, ko ƙarar gado babu. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba. Na kama hannun ƙofar, a kulle take.

Na ji kamar kakata tana tsaye a bayana. Na ce a raina ta yafe min. Sannan na kira sunansa, cikakke, da harafin tsakiyar da kocin ke cinyewa, yadda liman ya faɗe shi ranar suna.

Na jingina goshina da ƙofar.

Daga ciki, da wata murya ƙasa-ƙasa, kuma ba da Turanci ba, na ji ya ce, "Na'am, Mama."