Bindigar da Baba ya bari a rataye

Shekarun baya, damina ta biyu bayan rasuwar mahaifinmu, na je ƙauyenmu Rurum gaida mahaifiyata. Duk wanda ya san ni ya san ni ba jaruma ba ce. Ƙadangare ya faɗo daga katanga sai na yi salati. Amma ranar nan ni ce na tare ƙofar zaure da jikina.

Mahaifinmu manomi ne, kuma yana da bindigar gargajiya, irin wadda ake zuba wa albarushi ta baki a danna da sanda. Birai yake kora da ita idan sun sauko daga dutse suna ɓarnar masara. Da aka zo rabon gado, gona da awaki duk an san inda suka nufa, ita kuwa ba wanda ya tuna da ita. Tana nan rataye a ɗakinsa, tsatsa ta ci bakinta, har zanzaro ya yi gini a jikinta. Kowa ya ɗauka tsohon ƙarfe ce kawai.

Da hantsi ina taya Inna tsinkar zogale sai ga ƙanina a kan babur, ko jingine shi bai yi da kyau ba. Magidanci ne mai 'ya'ya uku, amma zuciyarsa a kusa take. Ya ce shanu sun shiga gonarsa sun cinye masarar da ta fara goyo, kuma ya bi sawunsu har rugar da ke bayan rafi. Kafin mu ce wani abu ya faɗa ɗakin Baba ya fito da bindigar. Ban san lokacin da na riga shi kaiwa zaure ba.

"Ina za ka da wannan?"

"Yaya, ba ni hanya. Tsorata su kawai zan yi, babu komai a cikinta."

"Wa ya ce maka babu komai?"

"Haba Yaya! Shekara biyu fa tana rataye."

"To wallahi sai dai ka bi ta kaina."

Cika baki kawai nake yi. Inna ta taso ta ce, "Ɗan nan, in dai ni na haife ka, ajiye ta." Ya ajiye yana huci, yana cewa mun mai da shi mahaukaci a kan abin da ko kaza ba zai kashe ba. Na ce to a kira wanda ya sani.

Aka aika wa wani tsohon mafarauci, aminin Baba. Da ya zo sai ya zare sandar ɗurin ya zura a bakin bindigar, ya sa alama da babban yatsa, sannan ya fito da ita ya gwada ta waje. Sandar ba ta kai ƙasa ba, saura kusan yatsu huɗu.

Ya ce, "A ɗure take. Mu ba ma rataye ta fanko, don biri ba ya jiran ka ɗura. Irin wannan kuwa hanyar sauke ta ita ce a harba."

Ya kai ta bayan gari muna biye. Ya ɗaure ta a kututture, ya jingina wani tsohon ƙyauren langa-langa a jikin suri, ya ɗaura igiya a kunamar bindigar, ya ce kowa ya koma bayan wata bishiyar kuka. Ni har na ƙara da kwanciya, don ban yarda da kukar ba. Ya ja igiyar. Ƙarar da ta tashi sai da na kwana biyu ina jin ta a kunnena.

Da hayaƙi ya lafa muka matsa. Ƙyauren ya zama kamar rariya, daga sama har ƙasa. Ashe guntayen ƙusa da ƙwayoyin ƙarfe na keke Baba ya zuba. Ƙanina ya tsuguna yana sa yatsa a hujojin ɗaya bayan ɗaya. Can ya ce, a hankali, "Yaya, da na leƙa rugar, mata ne suke daka a fili, yara na kewaye da su."

Hawaye ne suka zubo mini.

Duk da haka, da na ce a miƙa ta ga hukuma, sai da aka kai ruwa rana. Kawunmu ya ce gado ce, kuma a wannan zamani gida ba ya zama ba makami. Na ce, "Kawu, tsoronka gaskiya ne, ni ma ina jin sa. Amma duk gidan nan ba mai lasisi, ba wanda ya iya gane ko a ɗure take. Wa za ta tsare?" Ya ce mace ba ta da ta cewa a kan bindiga. Na ce to ba zan koma gidana a Rano ba sai ta bar gidan, ko da zan yi wata. Kwana huɗu na yi. A na biyar mai unguwa ya raka mu wurin 'yan sanda, ƙanina ne ya miƙa ta da hannunsa. Maganar masara kuma aka zauna da arɗon rugar aka sasanta.

Har yau idan na tuna sai jikina ya yi sanyi. Ƙanina ba mugu ba ne, haushi ne na rabin yini, kuma da gaske ya yi imani babu komai a ciki. Irinsa suna da yawa, irin bindigar nan ma suna da yawa a ɗakunan iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya.

Shi ya sa yanzu duk gidan manomi ko mafarauci da na je gaisuwar rasuwa, bayan addu'a nakan matsa kusa da uwargida in tambaya ko marigayi ya bar bindiga. Wasu su ce na cika shisshigi, kuma na yarda. Bara a ƙauyen Fammar wata dattijuwa ta ce, "Akwai, 'yar nan. Tana bayan ƙofa, jikoki ke hawan doki da ita." Ban tashi daga tabarmar nan ba sai da aka kira mafarauci. Ita ma a ɗure take.